NEMAN AIKI A ASIBITIN DABBOBI

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin matasanmu, maza da mata, waɗanda suka gama makaranta suna neman abin yi, musamman waɗanda suka tashi cikin kiwo, ko kuwa suke zaune kusa da kara da mayanka a manyan garuruwa irin su Ikko da Ibadan da Abuja da Fatakwal. Sau da yawa akan sami gurbin aiki a asibitin dabbobi, sai yaron da ya san saniya tun yana rarrafe ya rasa, wanda bai taɓa riƙe igiya ba ya samu. Abin da ke kawo haka shi ne na farkon bai san yadda ake neman aiki ba, na biyun kuwa ya sani. Saboda haka muna fata mai karatu ya bi wannan darasi a tsanake, sa'an nan ya karanta wa waɗanda ba su sami ganinsa ba.

1. Darajar wannan aiki

Kafin mutum ya nemi aiki, ya kamata ya san gidan da yake ƙwanƙwasa wa ƙofa. Aikin lafiyar dabbobi tsohon aiki ne a ƙasar nan. Tun a shekarar 1924 aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, wanda a yau ake kira Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, kuma har yanzu a can ake sarrafa magungunan rigakafi iri iri na shanu da awaki da tumaki da kaji.

Dattawan makiyaya ba su manta da bushiya ba, watau annobar nan da takan share garke ɗungum cikin 'yan kwanaki. A 1962 aka soma babban gangamin yi wa shanu allurar rigakafinta a ƙasashen yankin Tafkin Cadi, ta lafa, sa'an nan ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983 ta yi mummunar ɓarna. Ma'aikata ba su karaya ba, har a 2011 aka yi shelar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Waɗanda suka ci wannan nasara sun haɗa da likitoci, da malaman dabbobi, da direbobi, da masu kama shanu, waɗanda suka bi ruga ruga da akwatin ƙanƙara a ka.

Har wa yau aikin bai ƙare ba. Murar tsuntsaye ta bayyana a ƙasar nan a watan Fabrairu na 2006, cutar saifa kuma ta ɓulla a Jihar Neja a watan Yuli na 2023. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwon dabbobi. Wanda ya shiga wannan aiki yana tsaron dukiyar makiyayi, yana kuma tsaron lafiyar duk mai cin nama da mai shan nono.

2. Ayyukan da ke cikin asibitin dabbobi

Kuskuren farko da masu neman aiki kan yi shi ne su rubuta cewa suna neman "kowane irin aiki". Mai ɗaukar ma'aikata yakan ajiye irin wannan takarda gefe guda, domin ta nuna mai ita bai san abin da ya iya ba. Ga matakan aikin:

(a) Likitan dabbobi. Shi ne wanda ya yi karatun shekara 6 a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Ibadan, ko ta Nsukka, ko ta Maiduguri, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Tilas ne sunansa ya shiga rajistar Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya kafin ya soma aiki. Shi ke da hakkin tantance cuta, da rubuta magani, da yin fiɗa. Laifi ne a gaban doka wani ya kira kansa likitan dabbobi alhali ba shi da wannan rajista.

(b) Malamin dabbobi. Shi ne wanda ya yi difloma ta shekara 2 a kwalejin koyon lafiyar dabbobi da kiwo, kamar ta Tarayya da ke Vom ko ta Ibadan, ko ya ƙara wata shekara 2 ya sami babbar difloma. Yakan yi allura, ya wanke rauni, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya taimaka wajen fiɗa, duka a ƙarƙashin kulawar likita.

(c) Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, mai auna jini da kashi da fitsari domin gano irin su sammore da tsutsar hanta.

(d) Mai kula da dabbobi. Shi ke kamawa, ya ɗaure, ya ciyar, ya shayar, ya share keji da garke. Yawanci takardar gama sakandare ta isa, wani wurin ma abin da ake dubawa shi ne ƙarfi da natsuwa da sanin halin dabba.

(e) Akawu ko mai tarbar baƙi, da mai ajiyar magani, da direba.

Sai mutum ya dubi takardunsa da gaskiya, ya zaɓi matakin da ya dace da shi. Wanda ya shiga ta ƙaramar ƙofa yana iya komawa makaranta daga baya ya ɗaukaka.

3. Sanin wurin da za ka nema

Asibitocin dabbobi ba iri ɗaya ba ne. Na gwamnatocin jihohi sun fi hulɗa da shanu da awaki da tumaki, da duba nama a mayanka, kuma ta hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta jiha ake shiga su. Jami'o'in da ke horar da likitocin dabbobi suna da asibitocin koyarwa, su ma da nasu tsarin ɗaukar ma'aikata. Sai kuma asibitoci masu zaman kansu, waɗanda a manyan biranen kudu yawancin aikinsu karnuka ne da kyanwoyi, da zagaya gonakin kaji, wani lokaci har da na aladu. Wanda yake da wani uzuri game da taɓa wata dabba, ya yi tambaya tun kafin ya miƙa takarda. Wannan ya fi a ɗauke shi yau gobe ya ce ba zai iya ba.

Yana da kyau ka je ka ga wurin da idonka. Ka lura da irin dabbobin da ake kawowa, da lokacin buɗewa da rufewa, da tsabtar wurin, ka kuma tambayi sunan likitan da ke shugabanta domin ka san wanda za ka rubuta wa.

Akwai wata baiwa da matasanmu ke rainawa, watau harshe. A kasuwannin shanu na kudu, kamar kara ta bakin hanyar Ikko zuwa Ibadan da mayankar Oko-Oba a Agege, yawancin fatake da dillalai da Hausa suke ciniki. Likitan da ba ya jin Hausa yana bukatar wanda zai tsaya tsakaninsa da mai dabba ya fassara daidai, ba ragi ba ƙari. In kana jin Hausa da Turanci, balle a ce har da Fulatanci ko Yarbanci ko Ibo, to ka rubuta wannan a fili cikin takardarka.

4. Takardun da za ka tanada

Ka tanadi takardar shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardun makaranta tun daga firamare, da takardar shaidar ƙaramar hukumarka, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da hotunan fasfo na kwanan nan. Wanda ya gama jami'a ko babbar difloma zai haɗa da takardar gama yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa. Likita kuma zai haɗa da shaidar rajistarsa. In ka taɓa aiki a wata gona ko asibiti, ko da na koyo ne ba albashi, ka roƙi takardar shaida daga wurin.

A lura da abu uku. Na ɗaya, kofe ake miƙawa, na ainihi kuwa ka riƙe su sai ranar ganawa, a duba a mayar maka. Na biyu, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda; in akwai saɓani, ka gyara ta hanyar rantsuwa a kotu tun da wuri. Na uku, ka nemi mutum biyu masu mutunci da za su tsaya maka, kamar tsohon malaminka ko wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka nemi izninsu kafin ka rubuta sunansu.

Bayan haka sai ka shirya taƙaitaccen tarihinka a shafi ɗaya ko biyu: suna, da adireshi, da lambar waya, da makarantun da ka yi tare da shekarunsu, da ayyukan da ka taɓa yi, da harsunan da kake ji.

5. Wasiƙar neman aiki

Yawanci da Turanci ake rubuta ta, amma ginin ɗaya ne ko da wane harshe. Ta zama gajeriya, mai tsabta, ba kankara. Ta faɗi aikin da kake nema, da inda ka ji labarinsa, da abin da ka iya, da lokacin da za ka iya somawa. Kada ka cika ta da koke-koken talauci ko kirari ga mai asibiti, domin ma'aikaci yake nema. Ga misali:

Zuwa ga Babban Likita,
Asibitin Dabbobi na ……

Ranka ya daɗe,

NEMAN AIKIN MALAMIN DABBOBI

Na ga sanarwar da kuka manna a ƙofar asibitinku ranar …… cewa kuna bukatar malamin dabbobi, shi ya sa na rubuto ina neman wannan aiki. Shekaruna ……, na kuma gama difloma a fannin lafiyar dabbobi a kwalejin …… a shekarar …… Lokacin koyon aiki na yi wata huɗu a wata gonar kaji, inda na koyi yi wa 'yan tsaki rigakafi da ajiye lissafin abinci da na mace-mace. Na tashi cikin kiwon shanu da tumaki, na iya kama su da ɗaure su ba tare da an ji musu ciwo ba. Ina jin Hausa da Turanci da Yarbanci. Ban taɓa aiki da karnuka ba, amma a shirye nake in koya.

Na haɗo da kofen takarduna da sunayen mutum biyu da za su ba da shaida a kaina. Zan iya soma aiki duk ranar da kuka so.

Ni ne naka mai biyayya,
(sa hannu da cikakken suna)

A dubi inda mai wasiƙar ya faɗi abin da bai iya ba. Wannan ba ya rage masa daraja a wurin likita mai hankali. Wanda ya ce ya iya kama kare alhali bai iya ba, ranar farko asirinsa zai tonu, watakila ma da cizo a hannu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In ta imel aka ce a aika, ka rubuta sunan aikin a kan saƙon, ka tabbata hotunan takardun sun fito sarai ana iya karanta su.

6. Ranar ganawa

Ka isa wurin kamar rabin sa'a kafin lokaci. Ka sa tufafi masu tsabta waɗanda ba za su hana ka aiki ba, da takalmi rufaffe, domin a wannan aiki ganawa takan tashi daga ofis ta koma garke. Babbar riga da silifa ba na ranar nan ba ne. Ka yanke farce, ka kashe waya, ka gai da kowa tun daga mai gadi, kada ka zauna sai an ce ka zauna.

Ga irin tambayoyin da akan yi wa malamin dabbobi da mai kula da dabbobi, da abin da ya kamata a sani game da su:

Yaya za ka gane dabba ba ta da lafiya? Takan ware daga garke, ta daina ci da tuƙa, gashinta ya tashi, kunnuwa su saki, hanci ya bushe ko ya riƙa zubar da majina, kashinta ya sauya. Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, na akuya da tunkiya ya ɗan ɗara haka, na kaza kuwa wajen 41 zuwa 42.

Wata nawa dabba take ɗaukar ciki? Saniya wajen wata 9, akuya da tunkiya wajen wata 5, karya wajen wata 2.

Yaya ake ajiye maganin rigakafi? Yawancinsu cikin sanyi ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8, wasu ma sai a daskare, saboda haka a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba. In za a fita daji sai a sa su cikin akwatin ƙanƙara, a kare su daga rana. Maganin da zafi ya taɓa ya mutu ko da kamanninsa ba su sauya ba. Wanda ya yi allura da shi ya cuci makiyayi sau biyu: ya karɓi kuɗinsa, ya kuma bar shi da zaton garkensa ya tsira.

Me za ka yi in an kira ka ga saniyar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, bai kuwa daskare ba? Wannan alamar saifa ce. Kada a feɗe, kada a ja gawar, kada a ci naman ko a sayar da fatar. A nisantar da mutane da dabbobi, a sanar da likita nan take. Ƙwayar cutar tana kama mutum, kuma in aka buɗe gawar takan zauna cikin ƙasa shekara da shekaru.

Me za ka yi in kare ya cije ka? Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ka gaya wa likita, ka tafi asibitin mutane a ranar domin allurar haukan kare. Wannan cuta in alamunta suka bayyana kusan babu mai tashi.

In mai saniya ya ce zai sayar da nononta ko ya yanka ta bayan an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta fa? Kowane irin wannan magani yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa. Kafin su cika, sauran maganin yana cikin nama da nono, kuma yana cutar da mai ci. Aikinka ne ka yi masa bayani cikin ladabi.

Bayan tambayoyi ana iya cewa ka kama dabba a gani. A nan likita yana duban natsuwarka fiye da ƙarfinka. Ka tunkari saniya ta gefen kafaɗa kana yi mata magana, kada ka ɓullo mata ta baya ba zato. In an kayar da sa, kada a bar shi kwance da daɗewa, domin iska takan taru a tumbinsa cikinsa ya kumbura. Akuya da tunkiya a tallafe su ta ƙarƙashin haɓa, kada a ja su da kunne ko ƙafa ɗaya. Kaza a haɗa fikafikanta da jikinta. Kare kuwa a sa masa takunkumi kafin a taɓa inda ke masa ciwo. Duka da tsawa suna firgita dabba, suna kuma kore mai ita daga asibitin. In ka gama ka wanke hannu ba sai an ce maka ba, domin ana lura da wannan.

In an yi maka tambayar da ba ka sani ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba, amma zan tambayi likita kafin in taɓa dabbar." Wannan amsa ta fi kame-kame nesa ba kusa ba, domin maganin da aka ba da bisa ka-ce-na-ce yana iya kashe san da mai shi ya shekara biyar yana kiwo.

7. Kafin ka karɓi aikin

Murnar samun aiki kada ta hana ka tambaya. Ka san albashinka da ranar biya, da sa'o'in aiki, da kwanan asibiti in akwai, da ranakun hutu, da tsawon lokacin gwaji. A aikin Gwamnatin Tarayya shekara 2 ake yi kafin a tabbatar da ma'aikaci. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce daga ranar da ya soma. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin ƙananan asibitocin dabbobi kuwa ba su kai ba. Saboda haka abin da kuka yi yarjejeniya a kansa a rubuce shi ne madogararka.

Haka nan ka tambayi kayan kariya: safar hannu, da takalmin roba, da rigar aiki, da allurar rigakafin haukan kare ga wanda zai riƙa taɓa karnuka. Ka tambayi wanda zai ɗauki nauyin magani in dabba ta ji maka rauni. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 domin irin wannan aka yi ta. Mace mai juna biyu ta sanar da likita, domin akwai cututtukan da ake ɗauka wajen karɓar haihuwar dabbobi da taɓa mahaifarsu.

8. Gargaɗi

Ba a sayen aikin gwamnati. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka takardar ɗauka, ko ya turo maka saƙo ta waya cewa an ɗauke ka aikin da ba ka nema ba, ɗan damfara ne, ka kai ƙararsa ga hukuma. Kada ka ba kowa takardunka na ainihi ya riƙe a matsayin jingina. Kada ka sayi takardar jabu, domin ko bayan shekara 20 aka gano, kora ce da gurfana gaban shari'a. Kada kuma ka karɓi aiki a wurin da babu likita mai rajista, inda za a miƙa maka sirinji a ce ka riƙa kiran kanka likita. Ranar da dabbar wani ta mutu, kai za a kama.

9. In ba a dace ba

Gurbi ɗaya ne, masu nema da yawa, saboda haka rashin samu a karon farko ba abin kunya ba ne. Ka yi godiya, ka roƙi a ajiye takardarka. In da hali ka nemi iznin zuwa koyon aiki na wata biyu ko uku, ka sami takardar shaida a ƙarshe. Sau da yawa in gurbi ya sake buɗewa, wanda aka riga aka ga aikinsa ake fara tunawa. Mai nema yana tare da samu.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin aikin likitan dabbobi da na malamin dabbobi?
2. Waɗanne takardu za ka tanada, kuma don me ba a miƙa na ainihi?
3. Rubuta wasiƙar neman aikin mai kula da dabbobi wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba.
4. Me za ka yi in ka tarar da saniya ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hancinta?
5. Kawo abubuwa biyar da za ka tambaya kafin ka karɓi aiki.